Ɗakin da Aka Share Tun Kafin Mu Iso

"Inna, wannan mutumin shi ne sabon baban da Gwaggo ta ce za a samo mini?"

Haka Bibata ta tambaye ni, da ƙarfinta, a tsakiyar otogar ɗin Gaya, wato tashar mota, tana nuna Halidu da yatsa. Ko ƙunshin kayanmu ban gama karɓa daga saman mota ba. Wata mai sayar da awara a gefenmu ta yi dariya har ta dafe farantinta. Ni kuwa na ja mayafi na rufe rabin fuska. Halidu ya durƙusa a gabanta, bai damu da shaddarsa ruwan toka da ta sha guga ba, ya ce mata shi dai bai san abin da Gwaggo ta shirya ba, amma idan uba ake nema shi mai arha ne, da goro biyu ma za a ba da shi.

Na yi murmushi, ba zan ɓoye muku ba. Amma a cikin murmushin wani abu ya tsaya mini a rai. Ban faɗa wa Halidu motar da na hau ba. Saƙonsa uku ya shigo tun rana, "Ranki ya daɗe kin taso?", "Ina kuke yanzu?", na ukun hoton fure ne kawai, kuma ko ɗaya ban amsa ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Rahinatu, ƴar Zabori. Mijina Alfari ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar mini Bibata, yanzu shekararta shida. Danginsa suna Malanbil, ƙetaren kogi, kuma sau uku yayansa Bubakar yana aikowa a ba su yarinyar, wai jininsu ce, wai ta isa zama a gidan ubanta. Sau uku ina cewa a'a. Gwaggo Hasiya, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ita a ganinta taurin kai ne ke damuna. Kullum karatunta ɗaya: namiji mai kamiyo biyu, manyan motocin dakon albasa, kamar Halidu ba zai zauna jirana har abada ba, kuma amarya ta fi daraja idan ta shiga ɗaki hannu sake.

Abin da ya kawo ni Gaya ba Halidu ba ne. Bara da damina palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya kama Bibata har ta sandare a hannuna, idanunta suka juye. A daren na yi bakance cewa idan Allah ya tashe ta, zan taka da ƙafata tare da masu ziyarar shekara zuwa kabarin Alfa Mamman, can bayan Tunuga. Daga Gaya ayarin ke tashi bayan asuba, kwana uku zuwa da dawowa. Da la'asar ɗin jajibiri jagoran ziyara, Malam Hamidu, yake raba baƙi gida-gida, kowane gida ya ciyar da nasa. Wanda ya iso bayan nan sai dai ya nema wa kansa.

Akwai kuma wata ƙa'ida, ita ce tushen wannan labarin. Yaron da bai fara famfara ba, ba a tafiya da shi. A masauki ake barinsa. Da asuba uwa za ta ɗora hannun ɗanta a hannun uwar masauki a gaban jagora, ta ce "amana". Daga wannan lokaci har ayari ya dawo, uwar masauki ce uwa. Ba mai tambayarta ina ta kai yaro, ba mai tsayar da ita a hanya.

Na san da ƙa'idar, kuma na yi shirina. Hajiya Zeinabu, aminiyar mahaifiyata, ita ta ce in kawo mata Bibata. Da motar safe ya kamata in taso. Amma Gwaggo ta tashi da aike-aike. A daka mata gero tukuna. A leƙa gidan maƙwabta a duba marar lafiya, kada a ce ba mu da kunya. Da na ɗaura mayafi ta ce furar guzuri ba ta dahu ba. Motar safe ta tafi, ta hantsi ta tafi, wadda muka samu ta tsaya cikawa har bayan azahar. Ana kiran magariba muka shigo Gaya.

Halidu ya so mu shiga motarsa, na ce ya kai mu gidan Hajiya Zeinabu kawai. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarta ta leƙo da ludayi a hannu, ta ce Hajiya ta tafi Doso tun rana, ɗiyarta ce ke naƙuda. Wai kwana biyu tana ɗaga tafiyar saboda wata baƙuwa daga Zabori, sai da hantsi aka bugo mata aka ce baƙuwar ta fasa zuwa.

Na tambaye ta wa ya bugo. Ta ce ita dai muryar tsohuwa ta jiyo ta katanga.

Na kira lambar Hajiya, ba ta shiga. Na riƙe hannun Bibata muka bi layi. Gida na farko mata ne kwance har cikin zaure, ko inda za ka sa ƙafa babu. Gida na biyu uwargidan ta yi mini kirki, ta buɗe mini tukunya in gani da idona, sai ƙanzo. A na uku wata ƴar Zabarma ta ce in ina iya kwana a tsaye kamar tabarmar da aka jingine, bismilla. Halidu yana biye da mu a hankali da motarsa, fitila a kunne. Bibata ta fara ƙananan kuka, tun furar azahar ba abin da ya shiga cikinta, ga sauron bakin kogi ya fara yi mana maraba.

A nan ne ya leƙo ta taga ya ce, "Ki daina wahalar da yarinya, Rahinatu. Na riga na samo muku wuri."

Na riga. Na ji kalmar sarai. Amma ku faɗa mini, wace uwa ce za ta tsaya binciken kalma alhali ɗiyarta tana kukan yunwa a titi?

Gidan yana can ƙasa, unguwar masunta, inda warin bandar kifi ke shiga har cikin tufafi. Mai gidan, Inna Auta, dattijuwa ce mai jiki, da zoben azurfa a kowane yatsa, Hausarta da sautin harshen Dandi a ciki. Ta tarbe mu da "fofo, fofo" kamar ta shekara tana jiranmu. Ta ce wa Halidu ya tsaya a zaure, tuzurai ba su wuce nan a gidanta, ko da kuwa masu kamiyo ne. Ya ce ai shi ya sa yake ta fama ya fita daga layin tuzurai, ta taya shi roƙo.

Ɗakin da ta buɗe mana ya fi nawa na Zabori kyau. Katifa da zanen gado mai furanni, gidan sauro sabo fil har da alamar ninki, ƴar tabarma ƙarama a gefe, buta, har da wurin sa waya caji a kuran. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙasa. An yayyafa ruwa an share, amma ruwan ya bushe tuntuni, sawun tsintsiya kawai ya rage. Turaren wutan da ke kasko ya zama toka mai sanyi. Ni mai share ɗaki ce kullum, na san shara ta yanzu, na san ta hantsi. A garin da mutane ke kwana a zaure, wannan ɗakin ya wuni babu kowa.

Ta shigo da tire. Tuwon masara da miyar kifi, sai kwano biyu na kopto, wato kwaɗon zogale irin na nan. Ta tura mini babban, ta ajiye ƙaramin a gaban Bibata, ta ce wannan babu ƙuli a ciki, ta san yarinya ba ta cin gyaɗa.

Gaskiya ne. In Bibata ta ci gyaɗa jikinta tashi yake yi ruɗu-ruɗu. Amma ban taɓa faɗa wa Halidu ba. Shi hirarmu ba ta wuce ta kwalliyata da hanyar Doso da yadda zai gina mini ɗaki mai siminti. Na ce a raina wataƙila Gwaggo ce ta faɗa masa. Na ba kaina wannan uzurin, don ina son in ba shi.

Sai Bibata ta noƙe, ta ƙi miƙa hannu, kamar yadda take yi a gaban baƙi. Inna Auta ta gutsuro tuwo, ta dangwalo miya, ta ce, "Haba Uwarmu, buɗe baki mana."

Hannuna ya tsaya a cikin kwano.

Sunan mahaifiyar Alfari aka sa wa Bibata. Saboda haka ƴan gidansu ba su iya kiran sunan, Uwarmu suke ce mata. Su kaɗai. A Zabori ba mai kiranta haka, ko Gwaggo.

Na ɗago na kalle ta. Ta ga kallon. Ta yi dariya ta ce ita duk ƙaramar yarinya uwarta ce, haka bakinta ya saba. Kuma ba ta bari na yi magana ba, ta shiga zancen gobe. Wai in kwantar da hankalina, yara nawa aka bar mata amana, ko ƙwarzane ba wanda ya taɓa yi. Wai in ma ina so, ta aika a kira Malam Hamidu yanzu a ɗora hannu, da asuba sai in tashi sakayau ba tare da kukan rabuwa ba.

Na ce mata a bari sai asubar, kamar kowa.

Na ɗauki buta na zaga bayan ɗaki, Bibata a gabana. Bayan gidan akwai ƙaramar ƙofa ta kwano, a sakaye kawai. Na tura. Ƴar hanya ce ta gangara kai tsaye zuwa bakin ruwa, ga kwale-kwale a jere, ga fitilun Malanbil can ƙetare kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ko minti biyar ba za a yi ba daga katifar nan zuwa cikin jirgi. Kuma wa zai tsayar da tsohuwa da jikarta?

Da muka dawo na tura ƙyauren ɗaki, sai na ga leda rataye a bayansa. Ban san abin da ya sa na buɗe ba. Riga da siket na atamfa, sabon ɗinki, da ƴan takalman roba masu ruwan hoda. Na gwada rigar a bayan Bibata ba tare da ta lura ba. Kamar an auna.

A daidai lokacin vokal ɗin Gwaggo, saƙon murya, ya shigo wayata. Na kara a kunne. Ta yi mini sannu da hanya, ta ce in bi abin da manya suka ga ya dace, in daina ɗaukar kowa maƙiyi. A ƙarshe ta ce in gaida mata Auta.

Ni ban faɗa mata inda muka sauka ba.

Na fita zaure. Halidu yana zaune a kan benci yana latsa waya, turarensa ya cika wurin, turaren nan da in na ji shi a Zabori nake rasa inda zan sa idona. Na tsaya daga nesa, hannun Bibata a nawa.

"Wa ya ce maka zan rasa masauki?"

"Gwaggo ta ce kin makara. Wanda ya makara a Gaya ranar jajibiri ai an san sauran."

"Ka san Bubakar?"

Ya kifa wayar a cinyarsa. "Duk mai ɗaukar kaya a bakin kogi ya san Bubakar."

"Ka san dai ba wannan sanin nake nufi ba."

"Rahinatu, ki je ki ci abinci. Gobe tafiya ce mai nisa."

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya miƙe, ya shafa kan Bibata, ya fita. Na bi bayansa da kallo ina neman abin da zan kama, ban samu ba.

Na koma ɗaki na saka sakata, na jawo katifa na tokare ƙofa. Na zauna ina lissafin hanyoyina. In fasa ziyarar? Na san malamai sun ce akwai kaffara. Amma ni na ga idanun yarinyar nan a juye, kuma ni na buɗe baki na yi alkawari, zuciyata ba za ta zauna ba. In nemi wata uwar masauki da asuba? Wa na sani a garin nan, kuma wa zan yarda da ita bayan abin da na gani? In ce a gaban jama'a ban yarda da Inna Auta ba? Da wace hujja? Don ta share mini ɗaki, ta ɗinka wa marainiya riga? Dariya za a yi mini, a ce ƴar ƙauye ba ta san alheri ba.

Bibata tana cin tuwonta da gefen baki ɗaya, tana karkatar da kai. Na tambaye ta lafiya, ta ce haƙorin nan ne. Na ɗaga leɓenta a hasken waya. Na ƙasa, na gaba, ya fi mako yana ɗan motsi. Ni da kaina nake hana ta taɓa shi da harshe.

Na taɓa shi da yatsa. Yana motsi, amma da sauransa. Da an bar shi zai kai wani makon, ko biyu.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa zaton zan yi shi ba, kuma wadda za ta zage ni ta zage ni. Bayan na yi isha'i na zare zaren kitso daga jakata, na ninka shi biyu. Na zaunar da ita a cinyata na ce mata manyan ƴan mata ne kaɗai ake tafiya da su ziyara, kuma babbar yarinya da giɓi ake gane ta. Na tambaye ta tana so ta bi ni ko ta zauna wurin tsohuwar nan. Ta ce za ta bi ni. Ta buɗe baki da kanta, ta rufe ido.

Ja na farko zaren ya zame. Ta ƙanƙame mini wuya, na danna fuskarta a ƙirjina don kada kukan ya fita tsakar gida. Na biyu ya fito. Jinin ya fi yadda na zata, ya ɓata mini gaban riga. Na jiƙa bakin ɗankwalina da ruwan buta na danna mata, ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Da ta yi shiru ta dube ni ta ce, "Inna, ke ma naki ya fita ne kike kuka?"

Inna Auta ta ƙwanƙwasa ta tambayi abin da ya sami yarinya. Na ce baƙunta ce, yanzu za ta yi barci. Haƙorin na ƙulle shi a bakin zanena.

Da asuba filin masallaci ya cika. Fararen kaya, sanduna, bidon-bidon, wato jarkokin ruwa, a rataye, tsofaffi suna ɗaure ƙafa da tsumma. Iyaye mata sun yi layi a gaban Malam Hamidu, wani siririn dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ana ta ɗora hannu ana cewa amana, yara suna kuka. Inna Auta ta sha lulluɓi mai ƙyalli, tana gefena kamar inuwata. Da layi ya zo kanmu ta miƙo hannunta mai zobba tun kafin a kira ta.

Na ce, "Malam, tawa ta fara famfara. Da ita zan tafi."

Na ɗaga leɓen Bibata. Na kwance bakin zane na nuna haƙorin.

Inna Auta ta ce, "Malam, jiya da haƙoranta cif ta ci tuwona."

Malam Hamidu ya gyara tabarau, ya sunkuya ya leƙa bakin, ya daɗe yana dubawa. Daga nan ya dubi rigata, inda na wanke jinin bai fita duka ba, ya dube ni. Na san ya gane.

"Ni giɓi aka ce in duba, Auta. Ba a ce in tambayi ranar da ya faɗi ba." Ya juyo gare ni. "Amma ɗiyata, hanya ba ta san ƙa'ida ba. Idan ta gaji fa?"

Na ce bayana da ya goya ta tana jaririya yana nan, bai je ko'ina ba.

Ya ce mu wuce. Inna Auta ta janye hannunta a hankali, ta sa shi cikin lulluɓi. Ba ta yi faɗa ba, ta ma yi mana addu'ar sauka lafiya. Amma kafin mu bar filin na hango ta a bayan masallaci, waya a kunne, tana kallon wajen kogi.

Na ɗauka shi ke nan. Sai da muka fita gari, rana ta fara ɗagowa, na ji turaren a bayana. Halidu ne, cikin farar jallabiya, da sanda, da silifa, babu makullin mota a hannunsa. Mutumin da ko shagon bakin layi da mota yake zuwa. Ya ce shi ma bana ya yi niyyar ziyara, tun jiya ya so ya faɗa mini ban ba shi fuska ba. Ya dubi giɓin Bibata, ya dube ni, bai tambaya ba. Ya ce in ta gaji in ba shi ita ya ɗora a wuya, ni in ji da ƙafata.

Yanzu haka muna hutun farko a gindin wata tsamiya, ina rubuta muku da sauran cajin da ya rage. Bibata tana barci a cinyata, na ɗaure bakin zanenta da nawa. Yana can zaune cikin maza, yana ɓare lemo yana kallonmu. Wata tsohuwa da ta yi ziyarar nan sau tara ta faɗa mini hanyar tana sauka bakin kogi a wuri uku kafin Tunuga, kuma kowane wuri akwai jirage. Wallahi ban sani ba ko ya biyo mu ne ya tsare mu, ko ya zo ƙarasa abin da ya gagari Inna Auta. Ƙafata ta riga ta fara kumbura, kuma ko rabin rabi ba mu yi ba.

Ke da kike karanta wannan da ɗa a gefenki, ki ji ni da kyau. Ranar da kika sauka baƙon gari a makare, a gajiye, kika tarar an share miki ɗaki tun ba ki roƙa ba, an dafa wa ɗanki daidai abin da yake ci, kada ki fara da godiya. Ki zaga ki ga inda ƙofar baya take fita. Kuma ko wa ya miƙo hannu, ko da wanda zuciyarki ke so ne, kada ki saki na yaron.